Kwamfutar da Na Yi wa Surukina Takwara da Ita

Ba zan taɓa mantawa da ranar buɗe shagon intanet na Alhaji ba, ko da ina so in manta, don mutanen Kaura Namoda ba za su bar ni ba. Har gobe in na sauka a tasha sai an sami wani tsohon direba ya ɗago hannu ya ce, "A'aha, mai kiran suna, an iso lahiya?" Ni kuwa sai in ƙara sauri kamar da wani yake.

A shekarun farko na shari'a ne a Zamfara. Na gama karatun kwamfuta ke nan (karatun da rabinsa a jikin allo muka yi shi, malami yana zana mana linzamin kwamfuta da alli), kaina yana ta rawa, ina ganin duk ƙasar nan daga Zurmi har Jangeru babu mai ilimin zamani kamata. Ni mutumin Zurmi ne, amma a Kaura na yi karatu, a nan kuma na ga Ma'u, ɗiyar wani attajirin hatsi da kowa ke kira Alhaji na Katuru. Motocinsa ne ke kwasar gero da dawa daga Kasuwar Daji zuwa Shinkafi. Manya sun shiga maganarmu, an kai gaisuwa, saura sa rana kawai. A nan Alhaji ya tsaya cak, bai ce eh ba, bai ce a'a ba, ni kuma ina ta ramewa.

To akwai wani gini kusa da tasha da dā gidan kallo ne, shari'a ta zo aka rufe shi. Alhaji ya saye, wani ya ba shi shawara ya mai da shi shagon intanet. Aka kafa wani ƙaton farantin kamo intanet a kan rufi, aka jera kwamfutoci, aka rataya labule mai kauri a tsakiya, maza nan, mata can. Sai ya aika aka kira ni zaurensa. Na durƙusa can nesa, idona a kan tabarma.

"Kai yaro, an ce ka san wanga abu," in ji shi. "To ga shago nan. In ka riƙa shi da kyau, na san kana iya riƙon gida. Bayan an buɗe sai mu yi zancen rana."

Kun ji fa. Aurena kacokan aka ɗauka aka rataya a jikin farantin nan.

Wanda ya haɗa kayan wani injiniya ne daga Kaduna, Bulus, mutum mai saurin magana da saurin fushi. Ya nuna min wani ɗan akwati mai fitilu da wayar faranti ke shiga cikinsa. Ya nuna min babbar kwamfuta, wadda duk sauran sai sun bi ta kanta kafin su fita duniya. Kowace ya ba ta lambarta, doguwar lamba mai ɗigo-ɗigo: ɗaya tara biyu, ɗigo, ɗaya shida takwas, ɗigo, haka dai har ƙarshe. Ta babbar ta ƙare da ɗigo biyu. Ya shiga cikin ƙananan ɗaya bayan ɗaya ya rubuta musu wannan lambar, don su san inda za su nufa.

Na ce, "Injiniya, ba a ce ana iya ba su suna ba? Mu haka aka koya mana."

Ya ce, "Ana iyawa. Amma suna sai da mai nuna hanya. In ka zo garin nan ka ce gidan wane kake nema, sai mai shayin bakin titi ya nuna maka. Ranar da mai shayi bai fito ba fa? Lamba kuwa ita ce ƙofar gidan da kanta. Malam, kar ka taɓa."

Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, wane mai shayi kuma? Mu da muke zancen kwamfuta, me ya kawo shayi? (Gaskiya ban gane ba, kuma girman kai ya hana ni in sake tambaya.) Ya hau mota ya koma Kaduna.

Ni da lamba dama ba ma shiri. Ina kallon ɗigogin nan sai su riƙa sauya wuri a idona, shida ta koma tara. Ga shi kuma ina neman abin da zan yi in burge Alhaji, abin da zai nuna ni ba ɗan gadin shago ba ne kawai. Ana gobe buɗewa sai dabara ta faɗo min, irin dabarar nan da Shaiɗan ke miƙo wa mutum a faranti. A wurinmu in kana son ka girmama babba, takwara kake yi masa. Me zai hana in yi wa mutanen gidan Alhaji takwara da kwamfutocinsu?

Na zauna na goge lambobin Bulus tas, na ce wa akwati ya riƙa raba musu duk wadda ya ga dama. Babbar na ba ta sunan Alhaji, Sahabi. (Rubutawa na yi, jama'a, ban faɗa ba. Ku ne kuka karanta.) Ta kusa da ita na ba ta sunan Hajiya, mahaifiyar Ma'u. Wata na sa mata na mahaifiyar Alhaji, Allah ya jiƙanta, sauran na raba wa ƙannensa mata, wadda ta fi sheƙi kuma na ba Ma'u. Injin bai san Alhaji ba, bai san Hajiya ba, gajeren suna yake so, don haka tsuransu na rubuta. Sannan na bi ƙananan na cire ɗigo biyu na sa musu sunan babbar.

Kun san dai mutum ba ya kama sunan surukinsa. Ko wani mai irin sunan ka haɗu da shi a hanya sai ka nemo masa laƙabi. Na san da haka sarai. Amma na ce ai yatsa ne ya rubuta, baki bai furta ba, kuma ba zai taɓa furtawa ba. Nufina in an watse in ja ƙanin Ma'u gefe in nuna masa, shi ya kai labari cikin gida, a ce kai, yaron nan ya san darajar manya. Na gwada, ko'ina ya buɗe. Na koma masauki ina taku ɗai-ɗai.

Ranar buɗewa aka kafa rumfa a ƙofar shago, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. 'Yan kasuwa sun zo daga Shinkafi, direbobi sun cika wurin, mata sun shige bayan labule ta ƙofar baya, har da Hajiya da Ma'u. Babban baƙo shi ne wani malami daga Zurmi, aminin Alhaji, wanda ya san ni tun ina yawo ba wando. Zuwansa na da dalili. An yi ta raɗe-raɗi a gari cewa gidan kallo ne aka dawo da shi ta bayan gida, don haka Alhaji ya ce in nuna wa Malam Ka'aba da littattafan addini a cikin abin, kowa ya gani da idonsa.

Ana cikin addu'a aka ɗauke wuta. Ba komai, an tayar da janareto, kwamfutoci suka sake kunnuwa. Na gyara hula, na gayyato Malam ya zauna a gaban ɗaya, jama'a suka yi dafifi a bayansa. Na danna.

Fari fat, sai wani ɗan rubutun Turanci da ke cewa ba a sami wurin ba.

Na sake dannawa. Na koma ta kusa da ita, haka. Na kashe na kunna, haka. Na leƙa akwati, fitilunsa na ta ƙyaftawa lafiya lau. Na fita na ɗaga kai na kalli faranti (ban san me nake tsammanin gani ba, ko ungulu ce ta zauna a kai). Babbar tana kunne, ƙananan suna kunne, waya na haɗe, amma kamar ba su taɓa sanin juna ba. Jiya fa da hannuna na gwada! Na ce bari in mayar da lambar Bulus, sai na tarar ban ma san wace lamba babbar ke riƙe da ita yanzu ba, tunda na ce akwati ya raba yadda ya so. Inda ake dubawa kuma ya ɓace min ɓat. Gumi ya karyo min har cikin takalmi.

Malam ya ce, "Ɗana, Makkar ta yi nisa ne?" Aka yi dariya. Alhaji bai yi ba.

"Mi ya hwaru?" in ji shi.

Na ce, "Baba, ɗan abu ne kaɗan, sai an kira injiniya."

Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Kaura ba, kuma duk masanin zamanin nan da nake ji da kaina, ban mallaki ko ɗaya ba. Alhaji ya zaro tasa ya kira ofishin Bulus ya miƙo min. Abu biyu ne game da wayar nan. Na ɗaya, Alhaji na da ɗan nauyin kunne, kullum a buɗe yake barin muryarta, kowa na ji, ni kuma ban san inda ake rage ta ba. Na biyu, duk unguwar babu inda sabis ke kamawa sai gindin dogon yaron nan, shi ya sa ma aka ajiye kujerar Alhaji a wurin. Na yi taku kaɗan zan kewaya baya, waya ta mutu. Aka sake kira. Dole na dawo na tsaya a gefen kujerarsa, har rigata na gogar kafaɗarsa.

"Malam, ka taɓa abin da na ce kar ka taɓa ko?" Abin da Bulus ya fara faɗa ke nan, duk rumfa ta ji.

Na ce, "Ɗan gyara ne na yi."

Ya ja tsaki mai tsawo. Ya ce yana iya leƙo cikin akwatin daga inda yake, in jira. Can sai ya ce, "Ina lambobina? Me nake gani haka? Sunayen mutane ne cike a nan. To ba lokaci, gaya min wacce ce babbar, in ɗaure mata ɗigo biyu, kai kuma ka bi sauran ka mayar musu da lamba. Mene ne sunanta?"

Nan duniya ta tsaya min. Na kalli Alhaji ta gefen ido, ya juya yana ba Malam haƙuri.

Na ce, "Babbar dai. Ta kusa da taga."

"Ina ganin taga daga Kaduna ne? Suna!"

"Sunan... mai gida ne."

"Babu Maigida a nan."

"Sunan Baba nake nufi."

"Babu Baba! Malam, ina da aiki fa."

Shi Bulus bai san ainihin sunan Alhaji ba, na Katuru ya sani kamar kowa. Wayar tebur ce kuma a ofishinsa, balle in ce a rubuta masa saƙo. Sai wata dabarar ta sake zuwa min (ku lura, duk inda na ce dabara ta zo min, to ku fara salati). Na ce, "Injiniya, karanto min su, in ka zo kanta zan ce eh."

"To. Kulu."

Wallahi kamar an yi shela a kasuwa. Sunan Hajiya ne, tsirara, daga bakin wani ƙato a Kaduna, a gaban direbobin mijinta. Daga bayan labule na ji wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha illallahu, wa ka kiran Hajiya?" 'Yan layin gaba suka fara kallon juna. Sai a lokacin lissafi ya dawo min: bayan wannan akwai mahaifiyar Alhaji da ke kabari, akwai ƙannensa matan aure, akwai Ma'u. Duk matan gidan za a jero su ɗaya bayan ɗaya a bakin tasha, kuma ban san a ina na Alhaji zai faɗo ba.

"Ba ita ba ce? To ta gaba..."

"Tsaya! Don girman Allah kar ka ƙara karantawa!"

"To faɗa min!"

Na rufe ido. Na sa tafin hannu na kare bakina, na faɗa a hankali yadda ko ni ban ji ba. Janareto na ruri a baya.

"Ban ji ba!"

Na ɗan ƙara.

"Malam, layin na yankewa, ɗaga murya!"

Ban san inda ƙarfin ya fito ba. Tsoro ne, ko haushi, ko dai ajalin mutuncina ne ya zo. Na buɗe maƙogwaro kamar mai kiran fasinja na kwarara shi: "SAHABI!"

Alhaji, da ke tsakiyar magana da Malam, ya zabura ya juyo da sauri kamar yaron da aka kama yana wasa, ya ce, "Na'am?"

Shiru. Irin shirun da har kukan akuyar da ke tsallaken titi sai da na ji. Dattijo mai furfura, mai motoci, wanda ko hakimi na Katuru yake ce masa, ya amsa min na'am a gaban jama'a. Muka kalli juna, karo na farko ke nan da na taɓa haɗa ido da shi. Na so ƙasa ta tsage in shige, ƙasa ta ƙi. Wani direba ya cusa hula a baki, kafaɗunsa na rawa. Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri, amma ina ganin gemunsa na motsi.

Daga cikin waya kuwa sai ga Bulus, hankalinsa kwance: "Yauwa, na gan shi. Na ɗaure masa lamba. Je ka gyara sauran."

Yadda na miƙa wayar ban sani ba. Na dai tsinci kaina ina bin kwamfutoci ina goge suna ina rubuta ɗaya tara biyu, ɗigo, Allah ya taimake ni shida ba ta koma tara ba. Na gama ɓangaren maza, saura na mata. Aka yi min sallama, na shiga bayan labule kaina a ƙasa kamar ɓarawon da aka kamo. Hajiya ta juya min baya, ta ja mayafi. Ina cikin rubutu sai na ji Ma'u ta matso ta ce ƙasa-ƙasa, "Ni wacce ce a ciki?" Na nuna mata da haɓa. Ta ce, "Allah ya so ka ba a iso kaina ba." Ban gane ko fushi take yi ko dariya ba, kuma ban ɗago na duba ba.

Abin haushi, ina gamawa komai ya buɗe. Ka'aba ta fito tar, Malam ya yi kabbara, jama'a suka ɗauka, aka sa albarka. Ba wanda ya ƙara zancen gidan kallo, don an sami wani zancen da ya fi shi daɗi. Kafin la'asar labari ya riga motocin hatsi isa Shinkafi.

Na ci gaba da buɗe shago ina rufewa, kullum ina jiran a aiko a karɓi makulli a mayar mana da kayan gaisuwa. Na kira Bulus in ji me ya sa abin ya yi aiki ana gobe buɗewa ya ƙi ranar buɗewa, ya sake kawo min zancen mai shayi, wai ɗauke wutar ce ta sa mai shayin ya tashi bai san kowa ba. Na ce na gane. Ban gane ba, kuma har yanzu in za a yanka ni ba zan iya nuna muku inda mai shayin nan yake zaune a cikin akwati ba.

Da abin ya ishe ni na je Zurmi na faɗi a gaban Malam. Ya gama dariyarsa son ransa, har da share hawaye, sannan ya sa ni gaba muka zo zauren Alhaji. Na durƙusa, na kwashe komai na faɗa: takwara na so in yi, girmamawa na nufa, na ga kuma gara ni in ɗauki kunyar da a jero matan gida a bakin titi.

Alhaji ya ce, "Ka san mi? Rabona da in ji an kira ni hakanan, da ƙarhi, tun da Inna ta rasu. Ita kaɗai ka yi min wanga kira in na tsaya wasa ban kai awaki kiwo ba. Wallahi da na ji, na aza ita ta." Ya goge ido da gefen rawani. Ni da na zo neman gafara sai na rasa inda zan sa kaina, tausayi ya kama ni, kunya ta ninku.

Sannan ya gyara murya ya ce, "Amma ba a yi wa mutum takwara da ƙarhe, yaro. In takwara kake son yi min, ka yi min ta ƙwarai." Ya juya wurin Malam. "A sa musu rana bayan Salla."

Allah da ikonsa, ɗan farinmu namiji ne, kuma kun san sunan da ya ci. To ga inda aka kwana: ni ba na iya faɗa, don sunan surukina ne kuma ɗan fari. Ma'u ba ta iya faɗa, don sunan mahaifinta ne. Ana ta shawarar ko Abba za a riƙa ce masa ko Baffa, sai Alhaji ya karɓi jariri ya ɗaga shi sama ya ce, "Ku bar wahala. Uban nan nashi in an ba shi suna ɓarna yake yi. Ku kira shi Ɗigo Biyu."

Sunan ya bi shi kuwa. Yaron yanzu ya fi ni tsawo, Alhaji ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, shagon ma ya koma wurin sayar da taki, amma daga Kaura har Zurmi ba wanda ya san shi da wani suna sai wannan. In na ƙwala masa kira daga zaure, na'am ɗinsa irin ta kakansa ce sak, har da zaburar.

Ni kuwa tun daga ranar duk kwamfutar da ta biyo ta hannuna lamba nake ba ta, ko za ta kai tsawon layin dogo. Yara masu ilimin yanzu suna ce min ai suna ya fi sauƙin tunawa. Nakan ce musu haka ne, 'ya'yana, ya fi sauƙin tunawa ƙwarai, shi ya sa har yau Kaura ba ta manta ba. Ku dai ku bar ni da ɗigogina, don lamba ba ta da suruki.